Madubin Bindiga Da Idon Mai Riƙonta

Malamai da ma'aikata, yau muna so mu jawo hankalinku ga wani ƙaramin madubi da 'yan sanda da sojan Amurka ke ɗaurawa bisa bindiga domin saiti. Ana kiransa madubin hologiram. Asalin hikimar daga Dennis Gabor ta fito, wanda ya gano hanyar yin hologiram a 1947, har aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Amma sai a 1996 kamfanin EOTech na jihar Mishigan ya fito da madubin a kasuwa.

Ga yadda yake aiki. A da, maharbi kan runtse ido ɗaya, ya daidaita ƙarfen gaba da na baya da abin harbi. Shi kuwa wannan madubi, hasken leza ne ke haska wani zane da aka adana cikin gilashi, sai maharbi ya ga jan zobe da ɗigo a tsakiya kamar sun sauka a kan abin da ya nufa. Idanunsa biyu a buɗe suke, yana ganin masu wucewa dama da hagu. Ko gefen gilashin ya fashe, zoben na nan a sauran. Lalle wannan abin yabo ne, gama harbin da bai kauce ba ya fi sauƙin ɓarna.

To, amma akwai abin lura. A 2015 Gwamnatin Amurka ta kai ƙarar L-3, watau uwar kamfanin a lokacin, cewa an sayar mata da madubai alhali an san tsananin zafi da sanyi da laima na gurɓata saitinsu. Kamfanin ya biya dala miliyan 25.6 aka kashe maganar. A madubai na wancan lokaci, in zafi ya kai digiri 50, ɗigon kan iya kaucewa kamar inci 4 a nisan yadi 100. Inci 4 kuwa shi ne tsakanin ɗan fashi da wanda ya riƙe garkuwa. Mu da muka san bazarar Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40, bai kamata mu ji wannan mu wuce ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk hukumar da za ta sayi irin wannan kaya kada ta yi cinikin biri a sama. A gwada shi cikin rana da ƙura tukuna, a kuma tanadi batir, don leza na shan wuta da sauri.

Abu mafi girma kuwa, mun gani a kwalejin horon malamai cewa sabon allo bai taɓa mai da raggo gwani ba. Madubi yana nuna inda harsashi zai faɗa, amma ba ya faɗin ko ya halatta a ja kunama. Wannan sai horo da haƙuri da sanin doka. Kuɗin madubi da kuɗin horo su tafi tare, gama harsashi in ya fita ba ya komowa.