Damagaram: A yi gyara tun kafin hadari ya haɗo

Ranar 3 ga Satumban 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. A wannan damana, ambaliya ta hallaka mutane kusan 400 a Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Kada mu ɗauka tsautsayin shekara ɗaya ne. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa hadari mai tsananin ƙarfi ya ninka sau uku a yankin Sahel tun 1982.

A Amurka, inda guguwa ke tashi fiye da sau 1,000 a shekara, babu mai iya tare iska. Gargaɗi suka riƙe: jiniya da saƙon waya mintoci kaɗan kafin ta iso, kowa ya nufi mafaka.

Mu kuwa jaje muka fi sani. Ƴan uwa da ke Kano, Libiya ko Faransa sukan turo kuɗi bayan katanga ta faɗi. Me zai hana su turo a watan Afrilu, a yi yaɓe, a gyara indararo, a ƙara wa rufin kwano ƙusa? Matasan Birni da Zango su yashe magudanan da leda ta toshe. Gidajen rediyo kuma su riƙa sanar da hasashen yanayi da Hausa kullum. Da sanyin safiya ake kama fara.