In Mota Ta Riƙa Mutuwa Bayan Gyaran Gida, A Fara Duba Inda Hannu Ya Taɓa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, ɗawainiyar riƙe mota ta ƙara yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi. Kuɗin da a da ake ware wa bakanike, yanzu gidan mai ke cinye shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ma'aikaci ranar Asabar da hantsi ya buɗe bakin motarsa a ƙofar gida, sifana a hannu, yana canja fulogi, ko yana kakkaɓe filtar iska, ko yana goge kan batir. Wannan ba laifi ba ne, tattali ne, kuma mutum yana ƙaruwa da sanin abin hawansa. Sai dai sau da yawa abin yakan zo da gardama. Ranar Litinin mota ta tashi lafiya lau, an kwashi yara za a kai makaranta, da isa mahaɗar hanya ta farko an ɗaga ƙafa daga kan totur, sai inji ya yi tsit.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramin abu. Da zarar inji ya mutu mota tana tafe, sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma ba zai ba da taimakonsa na kullum ba sai sau ɗaya ko biyu, daga nan ya sandare, sai an danne shi da ƙarfin gaske. Wanda abin ya same shi a tsakiyar babbar gada a Ikko, ko a gaban tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya san ba wasa ba ne. Abin yi a lokacin shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a kunna fitilun gargaɗi, a taka birki sau ɗaya a hankali ba tare da ana sakinsa ana sake takawa ba, a ratse gefe. Kada kuma a murɗa makulli har ƙarshe, domin a motoci da yawa yin haka yana kulle sitiyari.

To, bayan an tsira, sai a zo ga neman dalili, kuma a nan ne galibin mutane suke ɓata. Wani zai ce ai man da ya sha jiya ne ba shi da kyau. Wani ya ce famfon mai ne ya gaji. Nan da nan sai a nufi Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, a sayo wannan, a sayo wancan, kuɗin da aka yi niyyar tserarwa ya ninka sau uku ya tafi, mota kuwa tana nan yadda take. Alhali magana a fili take. Motar da take lafiya ranar Juma'a, aka taɓa ta ranar Asabar, ta ƙi tsayuwa ranar Litinin, da wuya ƙwarai a ce wata cuta ce dabam ta zaɓi wannan ranar ta bayyana. Hausawa sun ce ba inda aka faɗi ake dubawa ba, inda aka yi tuntuɓe. Ya kamata mai mota ya zauna ya tuna duk abin da ya kwance, har da wanda ya ture gefe kawai don hannunsa ya sami shiga, domin sau da yawa shi wannan da aka ture ɗin ne ake mantawa.

Inji mai amfani da fetur abu uku yake bukata: iska, da mai, da wuta, kowanne daidai gwargwado kuma a kan lokacinsa. A ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska ne yake ƙone kashi 1 na fetur. A cikin ukun nan, iska ce ta fi yawan kayar da masu gyaran gida, don ita ba ta ɗiga a ƙasa balle a gan ta.

Ga yadda abin yake. A yawancin motocin gwanjo da suka cika titunan ƙasar nan, irin su Toyota Corolla da Camry, akwai wata 'yar na'ura a jikin bututun da ya taso daga gidan filtar iska, wadda aikinta auna yawan iskar da ke shiga inji. Ita ke sanar da ƙwaƙwalwar mota, ƙwaƙwalwa kuma ta auna man da za a fesa. In mutum ya buɗe gidan filta a lokacin hunturu don ya kaɗe ƙura, ya mayar da bututun bai zauna sosai ba, ko ya manta bai ɗaure zoben da ke matse shi ba, sai wata iska ta riƙa kurɗawa ta bayan na'urar ba a ƙirga da ita ba. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. In ana kan totur ba a cika ji ba, domin iskar da ta kurɗa 'yar kaɗan ce a kan wadda inji yake zuƙa. Amma da an saki totur, inji ya koma silo, watau juyin da yake yi a tsaye, wajen 600 zuwa 900 a minti ɗaya, sai wannan 'yar kafa ta rinjaye shi, ya yi rawa, ya mutu. Duk motar da take gudu lafiya amma ta mutu a kan tsayawa, a fara zarginta da wannan.

Haka nan ƙananan tiyo na roba da ke manne a bayan maƙogwaron totur. Zafi da shekaru sun riga sun busar da su, gwiwar hannu kawai ta isa ta zare ɗaya ko ta tsaga shi. In aka kasa kunne inji yana aiki, akan ji wani siririn huci kamar na maciji. Akwai kuma babban tiyo guda da ya nufi tulun da ke taimaka wa birki. In shi ne ya sami matsala, mota takan so mutuwa daidai lokacin da aka taka birki, birkin kuma ya yi tauri. Har murfin baƙin mai da aka manta ba a rufe ba yana iya hana wasu motocin zama daidai a silo. Ita kuwa waccan na'ura mai auna iska, wata siririyar waya ce a cikinta wadda ba ta son a taɓa ta. Wanda ya wanke ta da fetur ko ya goge ta da tsumma ya yi gyaran gangar Auzinawa. A duba ma ko an mayar da soket ɗinta, ya shiga har ya yi ƙara.

Wani abin da yake ruɗa dattawan da suka saba da motocin da can shi ne batun batir. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Ikko, kamfanonin biyu kuwa sun fara aiki a 1975, motoci ne masu kafireto. In silo ya sauka, sai a ɗauko sukudireba a juya ɗan sukuru, magana ta ƙare. Motar yau ba haka take ba. Ƙwaƙwalwarta tana koyon halin injinta a hankali. Yayin da dauɗa take taruwa a maƙogwaron totur shekara da shekaru, ita kuma tana ƙara buɗe ƙofar iska kaɗan-kaɗan don ta rama. Ranar da aka cire kan batir, a motoci da yawa wannan karatu yakan goge, ta koma ga ma'aunin da ta fito da shi daga masana'anta, dauɗa kuwa tana nan, sai iska ta kasa, mota ta riƙa mutuwa. In kuwa maƙogwaron aka wanke tas ba tare da ta sani ba, sai akasin haka ya faru, silo ya haura ko ya riƙa hawa da sauka. Maganin duka biyu shi ne maƙogwaro ya zama da tsabta, sa'an nan a bar ta ta sake koyo: a kashe fitilu da na'urar sanyi da rediyo, a bar inji ya yi zafi, ya yi aiki a tsaye kamar minti 10, sa'an nan a ɗan zaga da ita a unguwa. A fili za a yi wannan, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin salansa yana kisa. Wasu motocin, musamman na Nissan, suna da tasu ƙa'ida dabam, ko kuma sai an sa musu na'ura. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya hangi wani sukuru a jikin maƙogwaro ya kama juyawa don ya tuna da 504.

Tun da an zo kan batir, a tabbata kawunansa biyu sun ɗauru, ba sa juyawa da hannu, haka ma baƙar wayar da ta taso daga gare shi ta ɗauru a jikin mota. Kai mai sako-sako yana sa mota ta mutu duk sa'ad da aka faɗa rami. Lafiyayyen batir yana nuna wajen 12.6 a mita in inji yana kashe, in yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Tsohuwar al'adar nan ta zare kan batir inji yana aiki, wai don a gwada caji, ta halaka ƙwaƙwalwar motoci masu yawa. A bar ta.

Batun wuta bai da tsawo. Wanda ya zare wayoyin fulogi duka a lokaci guda ya jawo wa kansa aiki, domin kowace tana da gidanta. Yawancin injuna masu fulogi huɗu suna bin tsarin 1-3-4-2, Beetle kuwa 1-4-3-2. In biyu suka sauya wuri, inji zai yi ta karkarwa, yana harbi ta salansa, in ma ya tashi ke nan. A motocin da kowane fulogi yake da nasa koyil, a duba soket ɗaya-ɗaya. Wanda kuma ya kammala aikinsa da wanke inji da ruwa, ya leƙa ramukan fulogi ko ruwa ya kwanta. Ta fuskar mai, filtar da ake sa wa a kan layi tana da kibiya a jikinta mai nuna inda mai zai bi, kuma in aka murɗa makulli ba a tayar ba, a motoci da yawa akan ji gurnanin famfo na daƙiƙa biyu ko uku daga wajen tanki. In an ji warin fetur, a kashe komai, ba sigari, ba gwaji, sai an gano inda yake zuba.

Sabon kaya ma abin zargi ne. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kwalinsa kuma ba ya bambanta da na ƙwarai. Shi ya sa mai hankali ba ya jefar da tsohon da ya cire sai mota ta yi kwana biyu lafiya. In ta rikice, a mayar da tsohon. In ta warke, an san mai laifi ba a kashe ko kwabo ba.

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Ta cancanci kuɗinta, muddin an san yadda ake fahimtar abin da ta faɗa. Lamba P0171, alal misali, cewa take iska ta fi mai yawa, ba ta ce a sayi sabuwar na'ura ba, kuma tsagaggen tiyo yana iya kawo ta. P0300 tana nufin wuta tana tsallake, P0335 kuma tana nuni ga na'urar da ke ƙirga juyin inji, wadda wayarta takan saki in an yi aiki kusa da ita.

Akwai wurin da ya kamata mai gyaran gida ya ajiye sifana. In aikin da aka yi ya shafi bel ko sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, sa'an nan mota ta ƙi tsayuwa ko ta kawo wata baƙuwar ƙara, kada a sake murɗa makulli. Haƙori ɗaya da ya goce ya isa ya rikita inji, in ya wuce haka kuma, a injuna da yawa fistin yakan doki bawul ya lanƙwasa su, gyaran ya koma na sauke kan inji. Haka nan in fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa, ko fitilar gargaɗin inji tana ƙiftawa. A jawo ta zuwa gareji, kuma a gaya wa bakanike gaskiyar duk abin da aka taɓa, ko da da ɗan jin kunya, domin ɓoye masa kan sa ya kwana biyu yana lalube a inda ba nan ciwon yake ba, kuɗin kwanakin kuwa daga aljihun mai mota za su fito.