Haɗin gwiwa ne ko gayya?

A harkar fim da waƙa da rubutu, kalmar “haɗin gwiwa” ta zama ruwan dare, amma kaɗan ne ke tsayawa su auna nauyinta. Bahaushe ya bambanta ta da gayya. A gayya ana taruwa a nome gonar mutum ɗaya, a ci tuwo a watse, hatsi kuwa na mai gona ne. A haɗin gwiwa, amfanin na kowa ne gwargwadon guminsa.

Littafin Jiki Magayi, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito bayan gasar 1933, yana ɗauke da sunayen John Tafida da Rupert East domin tare suka rubuta shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta amince da aikin da mutum biyu ko fiye suka ƙirƙira tare.

Don haka furodusan da ya kira marubucin labari “abokin haɗin gwiwa”, sannan ya sallame shi da kuɗin mota, gayya ya kira. Kafin a kunna kyamara, a rubuta yarjejeniya kan suna da rabon riba. Allah Ya sa mu gyara.