Magana a kan Fiɗa ga Wanda Dajin Furostet ya Kama

Bismillahi. Amma ba'adu:

Ku sani, ya 'yan'uwa, a ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata tsoka kamar ƙaramin goro, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta, likitoci suna kiranta furostet. Ciwon daji yakan kama ta, galibi bayan shekara 50, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Ba kowace wahalar fitsari ce daji ba, sau da yawa kumburin tsufa ne. Ana ganewa da awon jini mai suna PSA, sa'an nan a tsakuro naman a duba.

To, idan ya tabbata, likita ya ambaci fiɗa, mutane sukan kasu biyu. Wani ya gudu ya ɓoye ciwonsa don kunya, wani ya firgita ya ce a yanka gobe. A ganinmu dukansu sun yi gaggawa.

Ga hujja. A ƙasar Birtaniya an ɗauki maza 1,643 waɗanda dajinsu bai bar furostet ba, aka raba su uku da ƙuri'a: kashi ɗaya fiɗa, kashi ɗaya gashi da haske, kashi ɗaya sa ido da awo a kai a kai. A shekarar 2023 aka bayyana cewa bayan shekara 15, waɗanda ciwon ya kashe wajen 3 ne cikin 100 a kowane kashi. Sai dai yaɗuwarsa cikin jiki ta kai wajen 9 cikin 100 ga masu sa ido, wajen 5 ga sauran, kuma fiye da rabin masu sa ido sun karɓi fiɗa ko gashi daga baya. Ashe wanda aka gano nasa da wuri yana da sararin shawara.

Amma a kiyaye, wannan hukunci na mai zuwa da wuri ne. A ƙasarmu da yawa ba su isa asibiti sai ciwo ya shiga ƙashi. A nan cire furostet ba ya warkarwa, sai a danne sinadarin mazakuta da allura ko da cire 'ya'yan maraina, hanyar da likita Charles Huggins na Amurka ya nuna a 1941. Jinkirin awo ke nan yake raba mutum da zaɓi.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, tambayi likita abu uku. Na farko, mene ne zafin ciwon a ma'aunin Gleason, wanda yake tashi daga 6 zuwa 10? Shida mai sanyin tafiya ne, takwas zuwa sama mai sauri. Na biyu, ya tsaya a wurinsa ko ya fita? Na uku, bisa ga shekaruna da sauran cututtukana, me fiɗa za ta ƙara mini? Mai shekara 55 da ciwo mai zafi, fiɗa ko gashi ya fi masa. Mai shekara 80 da ciwo mai sanyi, sau da yawa sa ido ya ishe shi.

Fiɗa kuwa tana da farashi: yoyon fitsari na watanni, wani lokaci ya dawwama, da raunin kusantar iyali, da yankewar haihuwa ta hanyar da aka saba. Idan an ce, yaya tsarki da salla? Sai mu ce, malaman Malikiyya sun sauƙaƙa wa mai yoyon fitsari, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci mustahabbancin ya sake alwala ga kowace salla. Kada tsoron najasa ya hana ka maganin da kake bukata. Game da iyali kuwa, matarka tana da haƙƙi a cikin al'amarin, ka sanar da ita kafin fiɗa, ba bayanta ba.

Almajiri ya karanta wa mahaifinsa wannan takarda, malami ya faɗa a zaurensa. Wanda ya kai shekara 45 ya tambayi likita batun awo tun yana lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Haza wasalam.