Kiɗa Mai Sanyi Ma Yana Da Masu Shi

Akwai wani raini da ya daɗe yana bin kiɗa mai sanyi, kuma lokaci ya yi da za a taka masa burki. Da zarar waƙa ta ƙi yin ihu, ba ta tayar da kowa rawa ba, ba ta yi wa kowa habaici ba, sai a ɗauke ta kamar ƙarar fanka: ana so ta yi ta juyawa, amma ba mai tambayar wanda ya ƙera ta. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, muke yini da abin sauraro a kunne, mun ga inda wannan raini ya kai. Shi ya sa za mu tsaya a kan kundi guda ɗaya mu yi gardama.

Kundin shi ne Simple Things, na farko da Zero 7 suka fitar a Birtaniya a 2001. Mutum biyu ne Zero 7, Henry Binns da Sam Hardaker, kuma ba ta dandalin waƙa suka shigo ba. Daga yaran aike masu dafa shayi suka fara a sutudiyon RAK da ke Landan, suka koyi aikin injiniyan sauti, sannan suka shiga sake haɗa kiɗan wasu, har da waƙar Radiohead. Da suka tashi yin nasu, sai suka kira masu murya: Mozez, haifaffen Jamaika, da Sophie Barker, da wata 'yar Ostareliya mai suna Sia Furler. Waƙa goma sha biyu ce a kundin, wajen awa guda. Ganga tana tafiya a hankali, fiyanon lantarki yana ɗiga kamar yayyafi, jita da gogen Turawa suna shigowa ba tare da sun ture kowa ba. Wasu waƙoƙin, irin su "Polaris", zallar kiɗa ne babu baiti. A "Likufanele" kuwa, muryoyin wasu mata ne daga Afirka ta Kudu suke ɗauke da waƙar.

Kundin ya samu shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Mercury ta 2001, wadda PJ Harvey ta lashe. Duk da haka laƙabi biyu suka manne masa. Na farko, aka ce kwafin Air ne kawai, wato wasu Faransawa biyu da suka fitar da Moon Safari a 1998. Na biyu, aka ce kiɗan falon masu hali ne, wanda ake kunnawa ƙasa-ƙasa idan baƙi sun zo cin abinci. Ba mu musa cewa akwai kama da Air ba, kuma akwai inda kundin ya ja tsawo fiye da buƙata. Amma wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. Duk wanda ya taɓa zama gaban na'urar haɗa sauti ya san cika waƙa da ƙara shi ne mai sauƙi, don ƙara tana rufe aibi. Idan kiɗa ya yi sanyi, kowane kuskure a fili yake. A saurari "Destiny", inda Sia da Sophie Barker suke karɓeɓeniya, muryar ɗaya da ɗan kaushi, ta ɗayar sumul. Wani ne ya zauna ya yanke cewa waɗannan biyun za su dace, ya san inda ɗaya za ta janye ɗaya ta shigo. Wannan aikin kunne ne da aka yi shekaru ana wasawa.

To me ya sa muke tayar da jijiyar wuya a kan kundin da ya haura shekara ashirin? Domin wancan laƙabi na "kiɗan falo" ya tashi daga bakin masu sharhi ya koma tsarin kasuwanci. Buɗe kowace manhajar sauraron waƙa yau, za ka tarar da jerin waƙoƙi da aka sa wa suna da yanayi: na karatu, na hutawa, na barci. Sunan jerin da manyan baƙaƙe, sunan mai waƙar can ƙasa, sai ka ƙura ido. Mun san yadda ake gina irin wannan manhaja. Abin da take iya aunawa kaɗan ne: ka danna, ka wuce, ko ka bari ta ci gaba. A Spotify, idan waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana tafiya an ƙirga ta. Manhajar ba ta da hanyar bambance wanda waƙa ta taɓa wa zuciya da wanda barci ya kwashe ya bar waya a kunne. Duka biyun lamba ɗaya suke bayarwa.

Daga nan lissafin ɗan kasuwa ba shi da wuya. Idan mai sauraro ba ya duba suna, me zai sa a biya mai suna? A 2025 'yar jarida Liz Pelly ta fitar da littafinta Mood Machine, inda ta bayyana wani shiri na cikin gida a Spotify mai suna Perfect Fit Content: ana karɓar kiɗa mai araha daga wasu kamfanoni, a maƙala masa sunayen mawaƙan da ba su wanzu ba, a zuba shi cikin jerin waƙoƙin yanayi. Kamfanin ya musa cewa yana matsa wa ma'aikatansa su yi haka. Amma a lura da irin kiɗan da abin ya shafa: mai sanyi, wanda aka riga aka yarda cewa ba kowa ne ya yi shi ba. A shekarar ce kuma aka ga The Velvet Sundown, ƙungiyar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa waƙoƙinta da hotunanta, ta tara masu sauraro sama da miliyan ɗaya a wata. Deezer ya ce a watan Afrilun 2025 waƙoƙin da na'ura ta ƙirƙira sama da 20,000 ne suke shigo masa kullum. Kuɗin da ake raba wa mawaƙa kuwa daga tukunya ɗaya suke fitowa, gwargwadon yawan saurare. Duk abin da fatalwa ta ɗiba, daga kason mai rai aka rage.

Za a ce mana, idan kunne bai gane bambanci ba, ina laifin? Mutum yana son abin da zai kwantar masa da hankali ya yi aikinsa, ya samu, shi ke nan. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba ma ganin laifin mai kunna kiɗa yana wani aiki. Amma a duba abin da ya biyo bayan Simple Things. Domin sunan Sia yana rubuce a jikin faifan, mutane suka bi muryar. Ita ce daga baya ta sa hannu a rubuta wa Rihanna "Diamonds" a 2012, ta fitar da "Chandelier" a 2014. Domin "In the Waiting Line" tana da suna da masu ita, aka ɗauke ta aka sa a fim ɗin Garden State na 2004, wasu sababbin kunnuwa suka nemo kundin gaba ɗaya. Sunan ƙarya ba ya kai ka ko'ina. Ba za ka je kallon wasansa ba, ba zai yi kundi na biyu ya ba ka mamaki ko ya ba ka haushi ba, ba zai ɗauki yaron shayi ya koya masa aiki ba. Na'urar da ake alfahari da ita ma, da kiɗan mutane aka horar da ita. Idan aka toshe hanyar da irin su Binns da Hardaker suka bi, gobe daga wa za ta kwafa?

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. Wayar da ke hannunmu ita ce a hannunsu, manhajojin su ne dai. Mawaƙanmu na zamani suna da wata al'ada mai kyau ta ambaton mai kiɗa da sutudiyo a cikin waƙa, amma sau nawa waƙa take iso mana ta wurin masu turi ko WhatsApp babu sunan kowa a jikinta? Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Daga abokan sana'armu masu gina manhajoji: a fito da sunan mawaƙi da na mai kiɗa inda ido zai gani, a kuma yi wa abin da na'ura ta ƙirƙira alama ƙarara. Deezer ya fara yin haka tun 2025, don haka kada wani ya ce ba ya yiwuwa. Aikin 'yan kwanaki ne ga wanda ya so. Daga masu sharhi: a daina auna darajar waƙa da ƙarfin ƙararta. Daga mai sauraro kuwa: idan wani kiɗa ya sanyaya maka rai, ɗaga wayar ka duba wa ya yi shi. Ka nemi kundin, ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe yadda masu shi suka jera. Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya ware awa ɗaya ya fara da Simple Things.