Wa zai biya wa Bilbis hayar Premiere?

Duk inda aka zauna maganar koya wa ɗalibai haɗa bidiyo a makarantun Zamfara, amsa ɗaya ake fara jefowa: a sayo manyan kwamfutocin tebur, a zuba musu Adobe Premiere, wai da ita ƙwararru ke aiki, kuma yaron da bai taɓa ta ba bai iya editin ba. 'Yan kwangila na faɗa, malaman kwamfuta na maimaitawa, shugabannin makarantu na gyaɗa kai don kada a ce ba su waye ba. Wannan shawara ce ta wanda bai taɓa kawo makarantar Bilbis a ransa ba, balle ta ƙauyukan Bungudu.

Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin fitowar Premiere saye ɗaya. Haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, farashin kuma na bin dala. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ɗan kwangila zai iya biyan shekarar farko, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Ta biyu fa? Kowa ya san yadda ake ƙarewa: wani ya zo da filashi ya zuba kwafin sata, da ƙwayoyin cutar da ke maƙale da shi, a makarantar da ake koya wa yara riƙon amana.

Sannan manhajar haya sai ta riƙa leƙa intanet tana tabbatar da an biya. Mu kuwa ba labari aka ba mu ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Wanda ya ga wannan, ya kuma ɗora darasin yara kan abin da ke neman izini daga Amurka, bai yi wa yaran adalci ba.

Wasu kan ce to a koma DaVinci Resolve, ai kyauta ce. Gaskiya ne, amma kyautar doki ce ga wanda ba shi da dusa. Tana son ram mai giga 16 da katin hoto mai ƙarfi, kuma kwamfutar da ke ɗauke da waɗannan kan ja wat 300 ko fiye idan tana tsaka da aiki. A jera ashirin, an kai wat 6,000, ban da fanka. Laftof ashirin masu cajar wat 65 ba su wuce 1,300 ba, nauyin da sola da inbata matsakaita za su ɗauka. Ga kuma batir: idan wuta ta ɗauke, laftof na ci gaba, ta tebur kuwa sai ta mutu da aikin yaro a ciki. Ban ma kawo zafin Afrilu ba, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura.

Manhajojin da suka dace su ne Shotcut da Kdenlive: kyauta ne, halal ne a kwafa a raba, kuma da zarar an sa su ba ruwansu da intanet. Laftof na hannu mai i5 da ram giga 8 da SSD ya ishe su. Dukansu suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi na bidiyo, yaro ya yi yankansa a kai ba tare da hoto na sarƙewa ba, sai wajen fitarwa su koma kan na asali. Suna kuma aiki a Linux, abin lura ga tsofaffin laftof tunda Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Hujja mafi ƙarfi ta masu son Premiere ita ce kasuwa ita take nema. To, amma me ake koya wa ɗan sakandare? Inda zai yanke, daƙiƙa nawa fuska za ta tsaya, yadda murya ba za ta nutse cikin iska ba. Wanda ya iya wannan a Shotcut, sauya manhaja ba zai ba shi wahala ba, don tsarin jera hoto da sauti kusan ɗaya ne. Ba tsadar kayan aiki ce gwaninta ba: Kannywood da kaset ta fara, da Turmin Danya a 1990. Yau ma samarin Tsafe na haɗa bidiyon biki da na wa'azi a waya da CapCut da KineMaster, kuma abin da ya fi ɓata aikinsu sauti ne. Makirufo mai maƙalawa a wuyan riga da sandar kafa waya za su fi yi musu amfani kan katin hoto mafi tsada.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwambar 2023, don haka za a ci gaba da sayen kayan makarantu. Kafin a sa hannu kan kowace takardar kwangila, a rubuta ƙarara wanda zai horar da malamin, da wanda zai canza batiran sola idan sun gaji, da shagon da za a kai laftof gyara a Gusau.