A bar tafinta ya yi magana

Duk lojisiyel ɗin da ke lissafin kaya a kanti ko albashi a buro, mutum ne ya rubuta shi da wani harshe irin su C, wanda ordinatar ba ta ji. Sai an bi ta hannun tafinta, wato kompilatar, shi ke juya rubutun zuwa harshen na'ura. Daga cikin tafintocin da suka yi suna akwai GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1987, kyauta kuma ake samun shi.

Tafintan nan in ba a tambaye shi ba, bakinsa alaikum a kan abubuwa da dama. Mai rubutu ya sa alamar = guda inda biyu suka kamata, sai ma'ana ta tashi daga «duba ko bashin wane sifiri ne» ta koma «mayar da bashin wane sifiri». Nahawu bai ɓaci ba, don haka GCC ya juya, bai ce uffan ba. Ɗan kasuwa kuwa an yafe masa bashi ba da saninsa ba.

Maganin bai wuce layi guda ba. A cikin takardar da ke tsara haɗa lojisiyel, wadda ake kira Makefile, sai a rubuta -Wall da -Wextra a gaban CFLAGS. Na farkon, ko da yake sunansa na nufin dukkan gargaɗi, ba duka yake buɗewa ba, shi ya sa ake ƙara na biyun. Mai tsanani yakan ƙara -Werror, aiki ya tsaya cik sai an gyara.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya gyara wani kuskure: an maimaita layin «goto fail» sau biyu, wayoyin iPhone suka riƙa tsallake wani binciken sa hannun tsaro. A 2016 GCC na 6 ya zo da gargaɗi a kan irin wannan layi mai ruɗin ido, aka sa shi cikin -Wall.

Wasu masu rubutu na rufe bakin tafinta don gargaɗi ɗari-ɗari na gajiyar da su. A ganinmu wannan ƙiwa ce. Shugaban ma'aikata ko alhajin da zai biya kuɗin lojisiyel yana iya sawa a kwantiragi cewa a haɗa shi a gabansa da -Wall, a kuma ba shi takardar gargaɗin da ya rage kafin ya sa hannu.